Ba Tsautsayi Ba Ne: A Daina Wanke Direban Da Ya Bugu

Ranar sadakar uku aka fi kashe maganar. Ana zaune kan tabarmi a ƙofar gidan mamaci, sai ga tawaga ta iso: mai motar, shugaban tashar da direban ke lodi, limamin unguwarsu, da wani dattijo da ya iya bakinsa. Sun riƙo buhun shinkafa, jarkar mai da 'yan kuɗi a ambulan. Bayan an yi addu'a an shafa, sai dattijon ya gyara zama ya ce, "Alhaji, yaronmu ne tsautsayi ya faɗa wa. Kwana ne ya ƙare, ko a kan gadonsa yake sai ya tafi." Uban mamaci ya sunkuyar da kai, idon jama'a duk a kansa, ya ce, "Allah ne Ya ba mu, Shi Ya karɓi abinSa. Mun yafe duniya da lahira." Washegari a je wurin 'yan sanda a janye magana. Kafin a yi arba'in direban ya koma kan sitiyari.

A duk wannan zama ba mai tambayar abin da direban ya haɗiya kafin ya tayar da mota. Wanda ya kuskura ya tambaya ma, sai a ce ba shi da tawakkali.

Wannan ɗabi'a tana cin rayuka, kuma ra'ayi biyu ne ke ɗaure mata gindi. Na farko, wai haɗarin mota ƙaddara ce tsagwaronta, babu hannun kowa a ciki. Na biyu, wai tuƙi cikin maye matsalar Legas da Turai ce, tunda a Arewa ba a sayar da giya a fili. Duka biyun ba su da tushe.

Mai son ganin ƙaryar ra'ayi na biyu, ya yi sammako ya je babbar tasha. Gefen mai shayi akwai mai tireda, a cikin tiredar akwai abin da ba a bajewa a sama. Direba ya miƙa kuɗi ba tare da ya ambaci sunan komai ba, a damƙa masa ƙwayar taramol biyu, ya kora da shayi mai kauri, ya share baki ya ce wa kamasho a fara lodi. Taramol ɗin da likita ke rubutawa yawanci mai miligiram 50 ne ko 100. Wanda jami'an NDLEA ke yawan kamawa kwantena-kwantena mai 225 ne. Ƙwayar tana sa gyangyaɗi da jiri, idan ta yi yawa kuma tana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya. A ƙaddara hakan ta faru mota na tsala gudu tsakanin Zariya da Kano da fasinja goma sha takwas. Ga wiwi, ga gadagin da 'yan acaɓa suka daɗe suna sha a Kano, ga goskolo a Jos, ga giyar leda da ke shiga aljihun riga ba a gani, wadda hukumar NAFDAC ta yi shelar haramtawa a farkon 2024. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya gano cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga cikinsu kuwa magunguna irin su taramol da kodin suka sha ba bisa umarnin likita ba. A shekarar ce rahoton BBC kan kodin, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Kano, ya sa gwamnatin tarayya ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Waɗannan mutane ba a ɗaki suke yini ba. Wasunsu ne ke jan tirela, wasu adaidaita sahu, wasu motar haya.

Hisba takan tara kwalaben giya dubbai ta sa a bi ta kansu da buldoza, jama'a su yi kabbara. Amma abin da ke bugar da direban Arewa ba ya bukatar kwalba.

Batun ƙaddara shi ya fi ciwo, domin da sunan addini ake yin sa alhali addinin ya faɗi akasin haka ƙarara. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta yi magana ne a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure zalla, ba niyya, ba ganganci. Duk da haka ta ɗora diyya, ta kuma ɗora kaffara: 'yanta baiwa ko bawa, wanda bai samu ba ya yi azumin wata biyu a jere. Iyalan mamaci suna da ikon yafe diyya, amma kaffara ba tasu ba ce balle su yafe. Direba nawa ne cikin waɗanda aka yi wa roƙo a zaman makoki suka yi wannan azumi? Limami nawa ne cikin masu rakiyar tawaga suka tuna masa?

Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, littafin da kusan kowace makarantar zaure a ƙasar Hausa ke karantawa, an rubuta shi kusan shekara dubu kafin a san mota, amma ya riga ya yanke hukuncin nan. Ya ɗora lamuni a kan mai hawa dabba da mai jan ta da mai kora ta, idan dabbar ta taka wani abu ta ɓata. Ya nuna cewa buguwa ba ta zama uzuri ga wanda ya yi kisa. Ya kuma kawo hukuncin da ya kamata masu zuwa roƙo su yi nazarinsa: a mazhabar Malikiyya, wanda ya yi kisan ganganci, ko da dangin mamaci sun yafe masa, sai an yi masa bulala ɗari an tsare shi shekara guda. Hikimar a bayyane take. Dangi suna yafe haƙƙinsu ne kawai, haƙƙin al'umma yana nan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Brunei a 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo da sakacinsa. Idan haka lamarin yake ga mai sakaci, ina ga wanda ya sayi abin maye da kuɗinsa, ya sha da bakinsa, sannan ya ɗauki makulli?

Kowa ya yi imani da cewa ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ba a taɓa sallamar ɗan fashi saboda kwanan wanda ya harbe ya ƙare ba. Direba kaɗai ake yi wa wannan rangwame.

Abin da maye ke yi wa matuƙi kuwa an daɗe da auna shi. Tun 1964 binciken da Robert Borkenstein ya jagoranta a garin Grand Rapids na Amurka ya nuna yadda haɗari ke ƙaruwa gwargwadon yawan barasa a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin yakan yi tsanani tun daga giram 0.04 a kowace desilita ta jini, wato tun kafin mutum ya fara tangaɗi ko harshensa ya karye, tun yana rantsuwa cewa garau yake. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk direban da ya sha ya san abin da ya sha.

A Najeriya doka ta ƙayyade iyakar barasa a jinin matuƙi, kuma dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda ya kashe mutum da tuƙin ganganci. Amma tarar da aka yanka a lokacin wa wanda aka kama yana tuƙi a buge naira 5,000 ce, kuɗin da yau ba ya sayen lita goma ta fetur. Alƙaluman hukumar, wadda aka kafa a 1988, sun nuna an rasa fiye da mutum 5,000 a kan tituna a 2023, haka ma a 2024. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haura 30,000 a shekara. Tazarar ba abin mamaki ba ce a ƙasar da ake kwashe gawa daga bakin titi a yi mata sutura kafin la'asar, ba takardar asibiti, ba wanda ya ɗebi jinin direba. Shi ya sa idan aka duba jerin musabbaban haɗari sai a ga gudu ya cinye kaso mafi tsoka, maye kuwa ɗan ƙalilan. Abin da ba a auna ba, ba zai fito a lissafi ba. Na'urar hura iska ma, inda ake da ita, barasa kawai take ganowa. Taramol da wiwi sai gwajin yawu ko fitsari ko jini.

Masu kare direbobi suna da hujja guda da ta cancanci a saurara. Sukan ce talaka ne, mai mota ya yanka masa balas da ba zai haɗu ba sai ya yi sawu biyu a rana, ko ya tashi daga Maiduguri ya doshi Legas ba barcin kirki, ƙwayar ita ke riƙe masa ido. Gaskiya ne, kuma zalunci ne. Sai dai wannan hujja ƙara yawan masu laifi take yi, ba ta wanke kowa. Mai motar da ya san direbansa na sha ya ba shi makulli, shugaban tashar da ake sayar da ƙwaya a gaban ofishinsa yana karɓar kuɗin lodi, duk sun shiga ciki. Talaucin direba kuwa ba ya rage maraicin yaran da ya bari ba uba, waɗanda galibi sun fi shi talauci.

Kuma ba talaka kaɗai ba ne. Akwai ɗan masu hali da ke fitowa daga wurin biki da tsakar dare a motar babansa, ya bi ta kan mai gadi ko mai tura baro. Shi ko kwana a caji ofis ba ya yi. A Jihar Texas ta Amurka, a 2013, wani yaro ɗan shekara 16 mai suna Ethan Couch ya kashe mutum huɗu yana tuƙi a buge. Masu kare shi suka ce gatan da ya yi masa yawa ne ya hana shi sanin daidai da kuskure, alƙali ya ba shi shekara goma ta zaman sa-ido ba tare da kurkuku ba. Ƙasar ta ɗauki zafi, aka yi ta tir da hukuncin. A nan irin wannan sassauci ba ya ma kaiwa gaban alƙali. A falo ake gama shi, kuma kowa ya san wa ke iya cewa a'a idan babban mutum ya tako ƙafa ya zo roƙo, wa kuma ba ya iyawa. Matar mamaci tana cikin ɗaki tana takaba, ba a tambaye ta ba. Marayu ƙanana suna da kaso a diyyar da kawunsu ya yafe don kunyar idon jama'a, alhali dukiyar maraya ba abin kyauta ba ce a hannun kowa.

Ƙasashen da suka rage wannan kisa sun fara ne da daina kiransa tsautsayi. A Birtaniya, ministar sufuri Barbara Castle ta kawo gwajin numfashi a gefen titi a 1967, aka yi mata ca, har da wasiƙun barazana, ba ta janye ba. A Amurka, Candy Lightner ta kafa ƙungiyar MADD mai yaƙi da tuƙi a buge a 1980 bayan wani direba da aka sha kamawa da laifin tuƙi a buge ya kashe 'yarta mai shekara 13 a Kalifoniya. Daga kusan mutum 21,000 a 1982, masu mutuwa ta wannan hanya suka ragu zuwa wajen rabi cikin shekara talatin. Darasin Japan ya fi kusa da halin da ake ciki a tashoshin Najeriya. A watan Agustan 2006, a Fukuoka, wani ma'aikacin gwamnatin birni da ya bugu ya daki wata mota ta baya a kan gada, ta faɗa cikin teku, yara uku 'yan gida ɗaya suka mutu. An ɗaure shi shekara 20. A 2007 kuma aka gyara doka ta yadda wanda ya ba mashayi mota, da wanda ya ba shi giyar, da wanda ya nemi ya ɗauke shi alhali ya san a buge yake, kowa zai amsa nasa laifin.

Irin wannan doka ce ta dace da nan, kuma ba ta fi ƙarfin majalisun jihohi ba. Duk haɗarin da aka rasa rai, a gwada direba kafin a ba da belinsa, ko ɗan wane ne. Idan an sami abin maye a jikinsa, shari'a ta ci gaba ko da dangi sun yafe, a karɓe lasisinsa, a kira mai motar da shugaban tashar su yi bayani. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ba motar da ke fita tasha sai ta karɓi kasonta, ta fi kowa sanin direban da ke sha da mai sayar masa. Idan ta ga dama, cikin mako guda za ta iya korar masu tiredar ƙwaya daga harabarta. Malamai kuma, idan aka gayyace su rakiyar roƙo, su fara tambayar direban a gaban kowa ko ya sha wani abu a ranar, su karanta masa hukuncin kaffara, su kuma sa a shiga ciki a ji ta bakin matar mamaci kafin wani ya yafe diyya a madadinta da 'ya'yanta.