Ko Anini Ba Mu Adana Ba

Abin kunya ne gare mu marubuta. Kullum muna rubuta "ba shi da ko anini", amma mu nawa muka taɓa riƙe aninin nan mai huda da rubutun Larabci, wanda aka fara bugawa a 1907? A Ingila ko mai ƙaramin ƙarfi yakan tara kwabban azurfa da aka buga da guduma tun 1279, zamanin Sarki Edward na Ɗaya. Mu kuwa tunda naira ta zo a 1973 muka bar sule da sisi wa maƙera suna narkarwa. Wai tarawa sai mai kuɗi? Ƙarya ne! Tsofaffin Makarfi, Ikara da Kudan suna da su a ƙasan adaka, goro da gaisuwa ma sa iya fito da taro.