Zauren Iyali: Fita shan iska da iyali ba sai an yi nisa ba



Sanyi ya shigo, hutun lakwal na ƙarshen Disamba ya matso, kuma a gidaje da yawa yara za su ƙare shi ne tsakanin talabijin da bakin titi. Maigida ya san hanyar fada da ta kasuwa, amma shekara takan zagayo bai fita da iyalinsa ko sau ɗaya ba. Uzurin da aka saba bayarwa shi ne rashin kuɗi. To, wurin shaƙatawa yana kusa da mu, wani ma kuɗin taksi ya isa.

Mazauna Yamai suna da gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. A can yaro zai ga zaki da kura da dorina ido da ido, ya tsaya a gaban ƙasusuwan manyan dabbobin dā waɗanda aka tono a yankin Agadas, ya kuma ga busasshiyar itaciyar Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973. Mutanen Maraɗi ga tafkin Madarunfa a kudu da gari, da tsuntsayensa da masuntansa. Na Damagaram kuwa ga lambunan Mirya, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba.

Wannan fita ba sharholiya ba ce. Alƙur'ani mai girma ya yawaita kiranmu zuwa ga duban halitta, Suratul Gashiya ma ta ambaci raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Yaron da mahaifinsa ya riƙe wa hannu, ya nuna masa ikon Allah a jikin dabba da tsiro, ya samu karatun tauhidi wanda ba zai manta ba. Ita ma uwargida, wadda aikin gida ya ɗaure dare da rana, tana da hakkin ta huta.

Akwai kuma darasin amana. Raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, saura 49 kacal suka rage a 1996. Da aka hana farautarsu, mutanen ƙauyuka suka ba da haɗin kai, sai ga su sun haura 600 a 2017, har aka kai 8 gandun Gadabeji a 2018. Wanda ya ga wannan tun yana ƙarami zai san cewa abin da Allah ya ajiye a ƙasarmu yana iya ƙarewa idan aka yi sakaci.

Sai dai wajibi ne a yi hattara. A watan Agusta na 2020 ƴan bindiga sun kashe mutum 8 a yankin Kure, kuma gandun dajin W, wanda Unesco ta sa cikin kayan gadon duniya a 1996, ya sha fama da rashin tsaro. Kada maigida ya ɗauki iyali zuwa daji sai ya nemi bayani daga hukuma. Idan an hana, a haƙura da na cikin gari.

A fita da sassafe, a dawo kafin magariba. A riƙe buta da tabarma, domin salla ba ta da hutu. Mata da ƴan mata su kiyaye suturarsu, maza su kiyaye idanunsu. A hana yara shiga ruwan tafki, saboda nutsewa da cutar tsargiya. Kada a jefi dabba, kada a karya reshe, kuma a tattara leda da ragowar abinci kafin a tashi, tunda tsafta ba ta tsaya a ƙofar masallaci ba. In da hali, a ɗauki marayan maƙwabta a haɗa da na gida.

Allah ya albarkaci zuri'armu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.