RA'AYINMU: Hadda Kaɗai Ba Ta Isa a Darasin Kemistiri Ba

Kowace shekara idan jarrabawa ta ƙarato, sai ka ga ɗaliban kimiyya na shekarar farko a gindin bishiyoyi da ƙarƙashin fitilu suna ta bitar "sp3, digiri 109.5, sp2, digiri 120, sp, digiri 180." Amma ka tsai da ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi dalilin waɗannan kusurwoyi, sai ya yi zuru. Wannan abin dubawa ne, domin a kan wannan darasi ake aza harsashin kemistirin kabon baki ɗaya, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Darasin kuwa bai kai wuyar da ake ba shi ba. Tun daga lissafin da Erwin Schrödinger ya fito da shi a 1926, masana suka daina ɗaukar elektiron kamar tsakuwa mai kewaya cibiyar atam a kan layi guda. Iyakar abin da ake iya faɗa shi ne filin da aka fi tsammanin samunsa, wato obital. Obital s a mulmule yake kamar ƙwallo, obital p kuwa kai biyu gare shi da tsukakken ƙugu kamar kalangu.

Kabon yana da s ɗaya da p uku a zagayensa na waje, amma a iskar metan ɗaurinsa huɗu da haidirojin duk iri ɗaya ne. Yaya aka yi haka? A 1931 Linus Pauling ya nuna cewa idan aka gauraya s ɗin da p ukun a lissafi, za a sami obital huɗu masu kama ɗaya, waɗanda suka nisanci juna iyakar nisanta. Daga nan digiri 109.5 ya fito. Idan p biyu ne suka shiga gaurayar, sai a sami uku a shimfiɗe, a bar p ɗaya a tsaye.

Wannan p da aka bari shi ne mabuɗin benzin. Michael Faraday ya ware benzin a Landan a 1825, August Kekulé kuma ya kawo siffar zobe mai kabon shida a 1865. Zanen da muka gada daga gare shi yana jera ɗauri guda da ɗauri biyu bi da bi. Da haka ne, da sassan zoben ba su zo daidai ba, domin tsawon ɗauri guda fikomita 154 ne, na biyu kuwa 134. Amma da aka auna, duka shidan 139 ne. Ban da haka, benzin ba ya kashe launin ruwan buromin kamar yadda masu ɗauri biyu na gaske suke yi. Dalili shi ne obital p shida da ke tsaye suna haɗuwa sama da ƙasan zoben, elektiron shida suka zama kamar gonar gandu, babu kabon da zai ce wannan nawa ne ni kaɗai. Wannan tarayya ita ke ba zoben ƙarko. Aikin Erich Hückel na 1931 ya haifar da ƙa'idar 4n+2, wato elektiron 2, 6 ko 10 a zobe shimfiɗaɗɗe. Sunan "aromatik" daga ƙamshi ya samo asali, amma yau wannan ƙarko ake nufi da shi.

Kada wani ya ce wannan zancen allo ne kawai. Zoben nan yana cikin asfirin da farasitamol da kulorokwin, yana kuma cikin shunin da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata a Kano. Shi kansa benzin an tabbatar yana jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa. Ɗalibin da ya haye da hadda, gobe shi za a damƙa wa ɗakin magani na asibiti, ko awon mai a matata, ko sa hannu a takardar shigo da sinadarai. Ran nan babu tambayar bara da za ta cece shi.

Saboda haka muna kira ga malamanmu da su riƙa tambayar dalili a jarrabawa, domin ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. Muna roƙon hukumar jami'a ta wadata ɗakunan gwaji da kayan harhaɗa siffar sinadarai, ƙungiyarmu kuma ta shirya manyan ɗalibai su riƙa zama da ƙanana. Kafin nan, 'yan'uwa, yumɓu da tsinken tsintsiya ba su da tsada. A mulmula curi, a soka tsinke huɗu, kowanne ya nisanci sauran, a ga siffar metan da ido. Gani ya kori ji.