Ku Tura 'Ya'yanku Su Karanci Damina

Ya ku mutanen Ɗambatta da Makoɗa, Kunchi da Tsanyawa, Bichi da Minjibir, a kasa kunne. Duk mai riƙe da fartanya a ƙasar nan ya san damina ta sauya hali. Ruwan shuka ya sauka, a binne iri, sai sama ta ɗauke mako biyu ko uku, a koma a sake shuka da abin da ya rage a rumbu. In Agusta ta kama kuwa, ruwa ya zubo kamar da bakin ƙwarya, ya wanke taki, ya kayar da katanga. Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, kuma gonar da ta ciyar da gida ɗaya a lokacin, yau magada biyar ke rabonta.

Abin takaicin shi ne, wannan ƙasa tamu ta daɗe da zama makarantar duniya. Baturen Ingila Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya yi shekaru yana bin gonakin kewayen Kano, har ƙauyen Tumbau. Ya nuna wa masana yadda manomin Kano ke noma fili ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ƙasar ba ta mutu ba, saboda takin dabbobi da tokar birni da jakuna ke kaiwa gona, da haɗa gero da dawa da wake a kunya ɗaya, da barin gawo da ɗorawa a tsakiyar gona. Littafinsa na 1989 kan jure fari har yau ana karanta shi a jami'o'in Turai. Hikimar iyayenmu ce aka rubuta. To ina jikokinsu a ajin da ake karantar da ita?

Ba sai an haye teku ba. Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012, Bankin Duniya kuma ya tallafa mata, tana ba da digiri na biyu da na uku a fannin kula da albarkatun ƙasa da sauyin yanayi. Ɗalibai na zuwa daga wasu ƙasashen Afirka su zauna a kujerun nan. Akwai kuma shirin WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi, a Minna da Akure da Yamai. Can ake koyon karanta alƙaluman ruwan sama na shekaru masu yawa, da duba hoton tauraron ɗan'adam a gane inda ƙasa ke zaizayewa, da gwada irin da ke nuna da wuri kafin ruwa ya janye. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, amma wa ke sauko da shi ya zama magana a dandali, ya ce wa manomi bana jinkirta shuka, ko bana nemi gero mai saurin nuna? Sai ɗan gida, mai jin yaren takarda da na gona.

Saboda haka, kai matashin da ka gama digirin farko a fannin noma ko labarin ƙasa ko kimiyya, kake zaune a majalisa kana jiran aikin gwamnati, tashi ka nemi gurbi. Ke ma 'yar'uwa, maganar ta shafe ki, domin matsalar itacen girki da ruwan sha a kanku mata take fara sauka.

Alhazai masu hannu da shuni, kun gina masallatai, Allah Ya saka. Ku ƙara da ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya. Ƙungiyoyin cigaban gari, ku yi karo-karo. Shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai, Allah Ya ja zamaninku, ku sa hannu, amma da sharaɗi: binciken a gonakinmu za a yi shi, kuma in an kammala a zo ƙofar fada a karanta wa manoma sakamakon da Hausa. Malaman jami'a kuma, a fito da ɗalibai daga ofis mai sanyi, su sha ranar huɗa tare da mu.

Sabuwar harabar Bayero tana kan titin Gwarzo. A je a tambayi lokacin sayar da fom tun kafin kaka ta wuce, kuɗin amfanin gona na hannu.