A Auna Rijiya Tun Ba A Haƙa Kwal Ba

Zuwa ga Edita,

A filin nan da ka saba ba ni, makon nan ina so in yi wa masu karatu magana a kan binciken da doka ta ce a yi kafin a buɗe ramin kwal, watau gawayin ƙasa, kusa da garin mutane.

Haƙar kwal iri biyu ce. Akwai wadda a ke kurɗawa ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya, irin ta Enugu, inda aka gano kwal a Udi cikin 1909. Akwai kuma wadda a ke yaye bayan ƙasa ɗungum, a kwashe gona da itatuwa da duwatsu a tara gefe, sa'an nan a ɗebi kwal a sarari, irin ta Okaba a Jihar Kogi da ta Maiganga a ƙasar Akko ta Jihar Gombe, inda a ke ɗiba domin gasa siminti a Ashaka, har aka tashi mutanen ƙauyen aka sake musu mazauni. Wannan ta biyu ta fi arha ga kamfani, ta fi kuma sauƙin hatsari ga lebura, amma ita ce mai cin ƙasa. Wanda ya ratsa Bukuru ko Barikin Ladi ya ga kududdufan da masu kuza suka bari, ba ya bukatar dogon bayani.

Dokar da na ke faɗi ita ce mai lamba 86 ta 1992. An yi ta ne bayan abin da ya faru a Koko cikin 1988, sa'ad da aka kawo dattin guba daga Italiya aka jibge a garin. Ta ce babban aiki ba ya farawa sai an bincika ɓarnar da zai jawo wa ƙasa da ruwa da iska da jama'a, kuma filin ma'adini sabo da ya wuce hekta 250 lalle ne a yi masa cikakken bincike. In an rubuta rahoto, sai Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ta sa a ajiye shi a fili har kwanakin aiki 21 domin kowa ya duba ya faɗi ra'ayinsa.

To, jama'a, me za a duba a ciki? Ni a ganina ruwa ne kan gaba. Ƙura mugun abu ce, ƙarar nakiya kuma tana tsaga bangon ɗaki, amma ran da aiki ya tsaya su ma sun tsaya. Ruwa ba haka ya ke ba.

Rami in ya yi zurfi ya zarce idon rijiya, ruwan ƙasa sai ya riƙa tsattsafowa cikinsa, gama ruwa gangare ya ke bi. Kamfani ba ya iya aiki cikin tafki, saboda haka dole ya kafa injuna su yi ta zuƙewa dare da rana. Ashe kuwa ruwan da su ke zuƙewa shi ne na rijiyoyin ƙauye da na fadama. Sai mata su ga igiyar guga ta gaza, a ƙara mata gaba, bayan shekara ta sake gazawa. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. A jikin kwal da duwatsun da ke rufe da shi sau da yawa akan sami wani ma'adini mai ƙyalli, haɗin ƙarfe da farar wuta, Turawa suna ce da shi fairait. Muddin yana binne, ba ruwansa da kowa. Da an tone shi ya sha iska, ruwan sama ya dake shi, sai ya haifi ruwa mai tsami wanda ke narkar da ƙarfe da waɗansu ma'adinai ya kai su rafi. Alamarsa ita ce ka ga ƙasan rafi ya yi ja kamar tsatsa, kifi ya ɓace. Wannan tsami yakan yi ta fita shekaru da yawa bayan an rufe aiki, kamar yadda masu bincike suka iske a rafin Ekulu na Enugu, wanda ruwan tsofaffin ramuka ke malala ciki.

Ga inda maganata ta dosa. In rijiya ta ƙafe bayan shekara biyar, dagaci ya kai kuka, kamfani zai ce fari ne, ko kuwa ya ce dā ma haka ta ke. Wa zai raba gardama? Ba kowa, sai awon da aka yi tun ba a sa diga ba. Don haka wanda ya sami rahoton nan a hannu, ya fara neman shafin da aka lissafta rijiyoyi ɗaya ɗaya, da zurfin ruwan kowace, da tsaminsa, da ranar da aka auna. Kadan an auna cikin Agusta kaɗai, awon bai cika ba, domin kowace rijiya sarauniya ce da damina. A nemi na Maris da Afrilu. A tambaya kuma ko an gwada duwatsun wurin an ga suna ba da tsami, da inda za a tara su, da inda ruwan da aka zuƙe zai bi, ko ta kan mashayar shanun Fulani ne, waɗanda sau da yawa ba a lissafta su cikin mutanen gari.

Kada a manta, kamfani ne ke ɗaukar masanan da ke rubuta rahoton, shi ke biyansu. Ban ce maƙaryata ne ba, amma kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Rahoton kuwa littafi ne mai kauri, da Turanci mai wuya, yana ajiye a sakatariyar ƙaramar hukuma, manomin da gonarsa ke ciki bai ma ji labari ba sai kwanakin sun ƙare. Malaman makaranta da akawuna, wannan aikinku ne. Ku je ku karanta, ku fassara wa mutane a ƙofar dagaci, ku rubuta ƙorafinsu ku aika kafin wa'adi ya cika, ku riƙe kwafe.

Akwai kuma dokar ma'adinai ta 2007, wadda ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniya a rubuce da jama'ar wurin kafin ya fara, a sake dubanta kowace shekara 5, ya kuma zuba kuɗi a asusun gyaran ƙasa. Dattawa kan ƙosa su sa hannu da an ambaci aji biyu da ɗakin shan magani. Ina ba su shawara su sa a rubuta awon rijiyoyin nan a cikin takardar, da sharaɗin cewa in ruwa ya sauka ko ya gurɓace, kamfani ne zai kawo wani da kuɗinsa. A rubuta kuma cewa jar ƙasa dabam, ƙasar noma ta sama dabam za a tara, a mayar da ita bisa in an cike rami, kuma a riƙa cikewa ana cikin aiki, kada a jira sai kwal ya ƙare.

Ni ne naku,
Akawu.