Wa Ya Cinye Barewar Ikara?

Shekara huɗu yarona yana jiran wannan rana. Tun yana aji uku na firamare Kawu ya dafa kansa ya ce, “Abokina, ranar da ka iya tafiya daga asuba zuwa azahar ba ka ce ƙafa ba, zan kai ka ka ga barewa da idonka.” Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi kaɗai ya rage a gidansu da ya gaji kwari da baka. Wata shekarar ciwon ƙafa ya kwantar da shi, wata shekarar jarrabawa ta hana, wata kuma tsoron hanya. Bana dai, da hunturu ya kankama aka gama kai amfanin gona gida, muka taso daga Kaduna, muka bi ta Zariya, muka ratsa Makarfi da tulin rakenta a bakin titi, muka sauka Ikara da la'asar. Yaron bai yi barcin kirki ba a daren.

Mu biyar muka fita bayan sallar asuba: Kawu, 'ya'yansa biyu, ni da yarona, sai karnuka biyu. Muka nufi wani kurmi da ke gefen fadama, inda Kawu ya ce shi da mahaifinsu sun sha yin bago. Tafiyar awa uku ba mu fita daga gona ba. Karan masara, karan dawa, tushen waken suya, sai kututturen itatuwan da aka sare aka yi gawayi. Duk da haka tsohon nan bai fasa karatun ƙasa ba. Ya durƙusa ya nuna wa yaron kashin zomo, ya nuna masa inda makwarwa ta yi birgima, ya koya masa yadda ake bambanta sawun akuya da na gada. Can kusa da kurmin sai ya tsaya cak. Sawun gada ne, sabo, na daren jiya. Ya dube shi da kyau ya ce, “Mace ce, kuma da ciki. Dubi yadda ƙafar baya take nitsewa. Wannan gaisuwa kawai za mu yi mata mu wuce.”

Ba mu kai ga gaisuwar ba. Wajen hantsi muka ji kiɗan gangi da haushin karnuka, sai ga manyan motoci biyu sun tsaya a kan burtali, maƙil da samari. Ban ƙirga su ba, amma sun fi ɗari, kowa da gora ko barandami ko adda, wasu da adaka, karnuka kuwa kamar an buɗe buhu. Babu wanda ya tambayi gonar waye, babu wanda ya nemi mai unguwa. Suka kewaye kurmin, suka cinna masa wuta ta gefe uku, suka tsaya ta gefe na huɗu. Duk abin da ya fito sai da ya mutu: gafiya, kurege, bushiya, damo, har mujiya da hayaƙi ya ruɗa. Gadar ta fito ta ƙarshe. Abin da yarona ya gani bayan jiran shekara huɗu shi ne ƙarti kusan goma suna jan ƙafafun dabbar da ba ta kai ɗan akuya ba, wani ya zare wuƙa a kan wani saboda rabon cinya. Wutar kuma ta tsallaka ta cinye harawar wani bawan Allah da ya ɗora a kan itace don dabbobinsa.

Ga maganata, kuma na san za ta ɓata wa wasu rai: waɗannan ba mafarauta ba ne, kuma su ne suke kashe farauta a ƙasar Hausa. Mu da muke tafa musu, muke sayen naman a bakin tasha, muke yaɗa hotunansu a Facebook da TikTok da sunan raya al'ada, muna da kaso a cikin laifin.

Maharbin da na taso na sani mutum ne mai dokoki fiye da alƙali. Ba ya shiga dajin wani gari sai ya gaida Sarkin Dawa ko Sarkin Bakan wurin. Ba ya harbin mai ciki, ba ya harbin mai shayarwa. Da damina ta faɗi sai ya rataye baka ya ɗauki fartanya, wannan kuwa shi ne lokacin da ciyawa take rufe 'ya'yan dabbobi har su yi ƙwari. Farautar gayya ma, wadda ake yi da rani gari da gari, tana da ranar fita da shugaba da iyaka, da ƙa'idar wanda karensa ya fara kamawa. Ba na cewa mutanen da waliyyai ne. An yi faɗa a dawa tun kafin a haife mu, 'yan tauri sun sha fasa wa juna kai a kan zomo guda. Amma da ƙafa suke zuwa, kuma ƙafa tana gajiya. Mota ba ta gajiya. Ayarin da ya share kurmin Ikara yau, gobe yana ƙasar Kudan, jibi ya tsallaka Kano ko Bauchi. Dabbar da ɗa ɗaya take haifa a lokaci guda ba za ta iya tsere da tayar mota ba.

Za a ce mini noma ne ya cinye daji. Gaskiya ne, kuma ni da kaina na taka shaidar da ƙafata tsawon awa uku. Mutane sun ƙaru, masara da rake da tumatir suna kawo kuɗi, duk wanda ya san kasuwar rake ta Makarfi ko fadamun Hunkuyi ya san babu mai barin taki ɗaya na ƙasa ya kwanta. To amma wannan hujja a kan masu cinna wuta take komawa. Idan abin da ya rage wa gada ɗan kurmin da bai fi filin ƙwallo uku ba ne, ashe ƙona shi ya fi zama ta'asa yau fiye da zamanin da daji yake da faɗi. Wanda ya ga rumbu ya kusa ƙarewa ba ya gayyato gari biki.

Za a ce talauci ne. Wannan ma na ji, amma a yi lissafi. Kuɗin hayar babbar mota, kuɗin mai a tsadar da yake yanzu, abincin karnuka, abin da ake haɗiya don a ji ƙarfi, sannan a raba gada ɗaya da gafiya ashirin tsakanin mutum ɗari. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, in ji Hausawa, amma waɗannan gudun kawai suke ci. Abin da ke kai yawancinsu dawa shi ne kirari da nuna jarumta da ɗaukar bidiyo. Ko almajirin da ya karanta Risala ya san malamanmu sun halatta farautar neman abinci, sun kuma karhanta wadda ake yi don wasa kawai. Talakan gaske a wannan labari shi ne mai harawar da ta ƙone, wanda zai sayi dusa da tsada har faɗuwar ruwa.

Na san akwai ciwon da ya sa sukar mafarauta take da nauyi a baki yanzu. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan jihar Kano a garin Uromi na jihar Edo, suna hanyar komawa gida yin Sallah daga Fatakwal, aka kashe mutum 16 kisan gilla saboda an ga bindigogin farauta a motarsu. Wannan zalunci ne tsantsa, babu abin da zai wanke shi. Ban kuma manta ba cewa maharba na cikin waɗanda suka tsaya aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014, kuma a ƙauyuka da yawa yau maharbi ne yake kwana a bakin gari don wasu su yi barci. Saboda wannan mutunci nasu ne ma nake magana. Sai dai akwai tambayar da juyayi bai bar mu mun yi ba: me ya kai maharbin Kano neman nama har dazukan kudu? Dajin gida ne ya ƙare. Falgore, da take nan gabas da mu a ƙasar Tudun Wada da Doguwa, ta fi suna yau da labarin ɓarayin shanu fiye da na ɓauna. Kamuku ta Birnin Gwari, da aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, an jima ba a jin mai zuwa kallon dabbobi a cikinta. Wanda ya ƙone kurmin ƙofar gidansa, dole wata rana ya ɗauki adaka ya ratsa garuruwan da ba a san harshensa ba.

Bari in kawo misalin wata ƙasa, ko da yake na san wasu da sun ji an ambaci Turawa sai su toshe kunne. A yammacin Amurka akwai wata irin barewa mai manyan kunnuwa kamar na alfadari, da kunnuwan ma aka yi mata suna. A jihohi irin su Kolorado da Yuta, mutum ba ya ɗaukar bindiga kawai ya nufi dutse. Sai ya nemi takardar izini, a wurare masu kyau kuma ƙuri'a ake jefawa, wani ya yi shekaru yana nema kafin sunansa ya fito. In ya samu, an faɗa masa yanki, an faɗa masa kwanaki, an faɗa masa dabba ɗaya ce, galibi namiji. Shi ya sa uba da 'ya'yansa suke shirya wa tafiyar kamar aure. Su ma fa ba da hankali suka fara ba. Wajen 1900 sun kusa ƙarar da barewarsu, har 'yar uwarta mai farar wutsiya ta koma kimanin rabin miliyan ko ƙasa da haka a faɗin ƙasar, yau kuwa ana maganar kusan miliyan 30. A 1937 suka yi dokar da ta sa kuɗin harajin bindigogi da harsasai yake tafiya kula da namun daji, kuma mafarautan da kansu suka goyi bayanta. Jiran yaron can da jiran yarona duk jira ne, sai dai shi a ƙarshen nasa akwai barewa.

Abin haushin shi ne babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ƙa'idoji da Kawu bai sani ba tun kafin ya ga Bature. Lokacin hutu, barin mace, neman izini, iyakar abin da za a ɗauka, duk namu ne. Dokar gwamnati ma akwai ta: tun 1963 Jihar Arewa ta yi dokar namun daji, a 1985 kuma gwamnatin tarayya ta yi ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Suna nan a takarda, ƙura ta rufe su. Ni ban sa rai wani jami'i daga Kaduna zai zo ya tsare kurmin da mota ba ta kaiwa ba. Waɗanda nake kallo su ne hakimai da dagatan Ikara da Makarfi da Kudan, da sarakunan dawansu. Sarautar Sarkin Dawa ta koma ta rawani da hawan Sallah, alhali aikinta a dawa yake. Me zai hana dagatai su zauna su ce motar farauta ba ta sauke kowa a ƙasarsu sai da sanin Sarkin Dawa? Me zai hana a ce wanda ya cinna wuta zai biya harawa da raken da ya ƙone, kamar yadda ake sa makiyayi biyan ɓarna? Me zai hana kowace gunduma ta ware kurmi ɗaya a ce shekara biyar ba a shiga da kare? Ƙungiyoyin maharba da suke ɗinka kaki suna buga katin shaida, in har suna son a ɗauke su da daraja, su fara da cire masu ashana daga cikinsu.

Kawu bai ce uffan ba har muka bar wurin. A hanyar dawowa karensa ya tayar da zomo daga cikin karan dawa, ƙaramin ɗansa ya jefe shi da gora, shi ne duk abin da muka shigo da shi gida. Da daddare aka yi farfesunsa, aka ba yarona cinya don shi ne baƙo. Ya ci ya yi shiru, sannan ya ce, “Kaka, to barewar fa?”

Tsohon ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani ƙaho baƙi mai zobba-zobba, wanda ya daɗe yana zuba maganin ciwon baya a ciki. Ya juye maganin a takarda, ya busa ƙurar, ya miƙa wa yaron. Ya ce, “Riƙe, abokina. Wannan na harbe ta ne shekarar da aka haifi babanka.”