Kifin tabkunan Magarya da Dungas: ana zubawa, wa ke ƙirgawa?

Da zarar an gama ɗaurin gero, iskar hunturu ta soma kaɗawa, sai tabkunan kwarin Korama su fara ja da baya. A wannan lokaci ne masunta ke fitowa da birgi da kalli da ƙugiya, kuma tarwaɗa da karfasa su bayyana a kasuwannin ƙasar Magarya da ta Dungas, wasu ɗanye a cikin daro, wasu soyayye a kan tire, wasu kuma an yi banda da su. Duk wanda ya saba sayen kifin nan ya san yadda al'amarin ke tafiya. Makonnin farko ana samun manya, bayan wata ɗaya sai matsakaita, kafin bazara kuwa sai ƴan mitsi-mitsi waɗanda ba su fi ɗan yatsa ba, ana auna su da tiya kamar fara.

Maganar ba ƙarama ba ce. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum sama da dubu 570 a gundumar Magarya, da sama da dubu 350 a gundumar Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011. Jama'a ce mai yawa a kan ƙasa kaɗan, nama ya yi wa talaka tsada, kuma kifin da ake ci a birane da yawansa daga nesa yake zuwa, ko banda daga tafkin Cadi da Haɗeja, ko kifin teku mai ƙanƙara da ke shigowa ta Nijeriya. An ga abin da dogaro da nesa ke jawowa lokacin da aka hana cinikin kifi a jihar Difa daga 2015 zuwa 2019 saboda rikicin Boko Haram, an kuma gani lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta a watan Agusta na 2019. Saboda haka ne ma'aikatan gandun daji, tare da porje-porje iri-iri, suka daɗe suna zuba ƴaƴan kifi a tabkunan jihar Damagaram. Ana yin biki, ana jawabi, ana juye durom-durom a ruwa, kowa ya watse. Abin da ya sami kifin bayan wata 6, ba kasafai ake jin labarinsa ba.

Akwai wata ƙasa mai nisa da ta yi irin wannan zubi, kuma labarinta ya cancanci a ba shi fili, domin an rubuta shi daga farko har ƙarshe, da riba da hasara. Tsakanin Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna 5 na ruwan daɗi: Superiyo, Mishigan, Huron, Eriye da Ontariyo. Na Mishigan kaɗai ya kai murabba'in kilomita dubu 58, wato ya ninka tafkin Cadi na 1963 fiye da sau biyu, kuma zurfinsa a wani wuri ya kai mita 280. Babban kifin waɗannan tafkuna tun asali shi ne wanda Faransawa ke kira turuit. A shekarun 1940 da 1950 ya kusa ƙarewa. Yawan kamu ya rage shi, sannan wata halitta mai siffar maciji, mai baki irin na matsattsaku, ta shigo daga teku ta hanyar ruwan da aka haƙa wa jiragen kaya, tana manne wa kifi tana tsotse jininsa. Da babban kifi ya kau, sai wani ɗan ƙaramin kifi mai kama da sardin, alwaif, shi ma baƙo daga teku, ya cika ruwa. A 1967 ya mutu da yawan da sai da aka sa katafila ta kwashe gawarsa daga gaɓar birnin Shikago.

Shekara ɗaya kafin wannan, a 1966, hukumar jihar Mishigan, bisa shawarar shugaban sashen kifinta Howard Tanner, ta zuba ƴaƴan kifin somon a rafukan da ke shiga tafkin, waɗanda ta ƙyanƙyashe daga ƙwan da ta riga ta kawo daga jihar Oregon da ke bakin tekun Pasifik. A 1967 aka ƙaro wani irin somon da ya fi girma. Lissafin mai sauƙi ne: ga abinci ya yi yawa babu mai ci, to a kawo mai ci wanda mutane za su so kamawa. Da kakar 1967 kifin ya dawo bakin rafuka ya yi ƙiba, jama'a suka yi tururuwa da ƙananan jirage, har wata guguwa ta watan Satumba ta halaka mutum 7 daga cikinsu.

Yadda suke kamun nan abin a tsaya a duba ne. Somon da turuit ba su son ɗumi. Da rani suna nutsewa ƙasa inda sanyin ruwa bai wuce digiri 10 zuwa 12 ba. Don haka masunci yana tafiya da jirgi mai inji a hankali, kamar saurin mai tafiya da ƙafa, yana jan ƙugiyoyi a baya. Babu tana a jikin ƙugiyar, sai wani ɗan ƙarfe mai walƙiya da aka lanƙwasa kamar cokali, wanda ke juyawa a ruwa tamkar ƙaramin kifin da ya ji rauni. Domin a kai shi zurfin mita 20 ko 30, ana rataya dunƙulen darma mai nauyin kilo 4 ko 5 a jikin waya, a maƙala zaren fatsar a kansa. Idan kifi ya kama, zaren ya saki darmar, sai a rage daga mutum sai kifinsa. Wanda ba shi da jirgi kuwa, yana jiran lokacin da ruwan gaɓa ya yi sanyi, farkon shekara da kuma kaka, sa'ad da kifi ke matsowa. Sai ya tsaya a kan dogon gini na kankare da aka miƙa cikin ruwa a bakin tashar jirage, ya yi ta jifa. Somon mai kilo 8 ko 10 ba abin mamaki ba ne, kuma a 2021 an kama mai sama da kilo 21. Duk wannan wahala, dokarsu ba ta yarda mai wannan fatsa ya sayar da abin da ya kama ba, kuma a jihar Mishigan ba ya wuce kifi 5 a rana. Ɗan kasuwar Magarya zai ce wannan ai hasara ce, a ƙona mai a kamo abin da ba za a sayar ba. To amma masu sayar da man, da masu hayar jirgi, da masu masauki da abinci, a wurinsu kuɗin ke sauka, biliyoyin dala a shekara, dalar Amurka ba dalar kasuwar Dungas ba.

Jirgi mai inji da dunƙulen darma ba su da aiki a tabkin da ruwansa bai wuce ƙirjin mutum ba. Abin da ya shafi Magarya da Dungas shi ne abin da ke bayan fatsar. Duk mai kamun kifi a can yana sayen takardar izini, kuma tun 1950 akwai dokar ƙasa da ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kayan fatsa. Ana raba kuɗin harajin ga jihohi, bisa sharaɗi guda mai ƙarfi: jihar da ta karkatar da kuɗin takardun izini zuwa wani aiki daban ba ta samun kasonta. Da waɗannan kuɗi ake ƙyanƙyasar kifi, da su ake biyan ma'aikatan da ke tsayawa a bakin ruwa da ma'auni da littafi, suna tambayar kowane masunci abin da ya kama, da sa'o'in da ya yi. Ƴaƴan kifin da za a zuba ma ana yanke musu ɗan fiffike ɗaya na baya, don a gane su in an kama.

Littafin nan ya yi rana. A 2003 da 2004 alwaif ya ƙare a tafkin Huron, saboda somon ya yi masa yawa, kuma wasu ƴan ƙananan halittu masu ɓawo da suka shigo cikin ruwan jiragen kaya a ƙarshen shekarun 1980 sun tace abincin da yake rayuwa a kai. Da abinci ya ƙare, somon ya rame, ya ragu, garuruwan da ke ci daga gare shi suka ji a jikinsu. Masu kula da tafkin Mishigan suka duba alkalumansu, suka tarar fiye da rabin babban somon da ake kamawa ba su da alamar waɗanda aka zuba, wato a rafuka aka haife su. A 2013 suka rage zubin da kusan rabi. Masu hayar jirage sun yi ƙorafi, amma an rage.

A tabkunan Korama tambayar farko ma ta fi wannan sauƙi, ita ce ta ruwan kansa. A wannan yanki rana da iska suna ɗauke fiye da mita 2 na ruwa a shekara. Tabkin da zurfinsa bai kai haka ba a ƙarshen damina, in ba ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ciyar da shi ba, kamar yadda ake samu a wasu kwarurruka wajen Bande da Waca da Guci, ba zai ga wata damina ba. Irin wannan tabki na tarwaɗa ne, wadda ke iya shaƙar iska ta jure wa taɓo, da kuma gaiwa, wadda ke binne kanta a laka ta jira shekara. A zuba masa kifi da wuri, a hana taɓa shi wata 5 ko 6, sannan a kwashe gaba ɗaya kafin ya ƙafe, babu laifi. Tabki mai ruwa dindindin kuwa hukuncinsa daban. A nan ne karfasa ke hayayyafa, uwar tana riƙe ƙwai da ƴaƴa a bakinta, kuma in ta yi yawa ba mai rage ta sai ta tsumbure, a yi ta kama masu faɗin tafin hannun yaro. Wannan ne ke sa a kawo giwan ruwa, don ya ci ƙanana ya zama babban kifi mai tsada, lissafi ɗaya da na somon. Sai dai giwan ruwa yana son zurfi da ruwa mai kyau, kuma cikinsa ba ya cika. An saka shi a tafkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950. Ya kawo kuɗi masu yawa, ya kuma shafe ire-iren ƙananan kifaye kusan 200. Kafin a juye shi a wani tabki, ya kamata wani ya auna zurfin ruwan a watan Mayu, ba a watan Satumba ba.

Ga kuma abokan rabo. Tabkin da masunci ke kallo shi ne mashayar makiyayi, shi ne kuma mai rake da mai kabeji ke ja da injin ban ruwa, kuma maganin ƙwarin da aka fesa a lambu ruwan nan yake gangarowa. Rairayi yana cike shi daga gefe, kacalla tana cinye shi daga ciki, kamar yadda ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Calawa a 1992. Damina mai ƙarfi irin ta 2024, wadda ta rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, tana cika tabkuna har su haɗe, kifi ya bazu, a yi shekara ana murna. Wannan ba ya nuna cewa zubin bara ne ya yi albarka.

Doka ba ta rasa ba. Nijar ta yi dokar kamun kifi a watan Disamba na 1998, ta sabunta ta a 2021 har ta haɗa da kiwon kifi. Ana bukatar takardar izini, an haramta guba da nakiya. Sarakunan ruwa ma tun kafin zuwan Nasara suna da ranar buɗe su da ranar rufewa, kuma wanda ya saɓa ya san abin da zai tarar. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin rasit da ruwa. Masuncin da ya biya kuɗin izini, bai ga an yanke kacalla ba, bai ga an sake zuba kifi ba, bai ga an kori mai jan gidan sauro da dare ba, a ganinsa tara ce kawai ya biya, kuma gobe zai nemi hanyar kauce mata. Ma'aikaci guda mai babur guda, wani lokaci babu mai, ba zai iya tsaron tabkunan komin uku ba.

Su ma ƴan kasuwa suna da hannu. Mai taru mai ƙananan idanu ba zai jiƙa shi ba in ya san babu mai sayen abin da ya kwaso. Dillalin da ke ba masunci bashin raga da kuɗin cefane tun damina, ya kuma matsa masa da biya da zarar ruwa ya tsaya, shi ne ke sa a shiga tabki wata biyu kafin lokaci. Tarwaɗar da aka kama tana giram 100 da an bar ta da ta ninka haka sau da yawa, kuma banda ta babban kifi ita ce ke da daraja a Magarya da Damagaram, ita ce kuma ke iya tsallaka iyaka zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis.

Abin da za a fara da shi bai kai kuɗin bikin zubi guda ba: sanda mai alamar mita da aka kafa a tsakiyar tabki, sikeli mai rataya, da littafin ƴan lakwal a hannun kwamitin masunta, ana rubuta kowace safiya yawan kilon da ya fito, da irin kifin, da ragar da ta kama shi. Hukumar komin ta liƙa a ƙofarta abin da aka karɓa na izini a shekara da abin da aka mayar wa ruwa. Bayan damina uku, sarkin ruwa da ma'aikacin gandun daji za su iya zama da littafin a gabansu, su ce tabkin kaza a ƙara masa tarwaɗa, tabkin kaza a rufe shi har watan Fabrairu, tabkin kaza kuwa a bar wa shanu da masu rake.